Gurbin Hannun Talatu

"Da wa ta yi kama?"

Tambayar da Keziya ta tari mijinta da ita ke nan, tun bai gama kakkaɓe ruwan sama daga lemarsa ba. Babu sannu da zuwa, babu ina wuni. Wata da watanni ke nan duk ranar Laraba Othniel yake tasowa daga makarantar da yake koyarwa ya biyo ta shagonta da ke bayan PZ, kuma gaisuwarsu ba ta taɓa wuce wannan tambaya ba.

"Kezi, don Allah..."

"Abu ɗaya na tambaye ka. Yarinyan da na haifa, da wa ta yi kama?"

Ya sunkuyar da kai yana murza allin da ya maƙale masa a yatsu.

"Na faɗa miki. Ban duba ba."

"To, ka gai da gida."

"Baban ki ya ce ranan Asabar dattawa za su zauna a Samaru. Ya ce ranan za ki faɗa da bakin ki, ko ki koma ɗakin ki, ko kuma..."

"Ko kuma kowa ya kama gaban shi. Ƙarasa mana, Malam, ai kai ne mai koya wa yara karatu."

"Ina son ki, Keziya. Ubangiji ya sani."

"Ni ma ina son ka, shi ya sa abin ya ƙi warkewa. Mutumin da aka miƙa wa 'yar shi ya kau da kai, ta yaya zan sake kwana ɗaki ɗaya da shi?"

Ya koma murza allin yatsunsa. Da ma shiru ne makaminsa, Keziya kuwa ta tsani makamin nan fiye da zagi. Ruwa ya ƙara ƙarfi, hanyar fita ta gagara, sai ya raɓe a kan bencin bakin ƙofa kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Shagon kansa abin kallo ne, amma ga mai ƙarfin zuciya. Kanta uku ce a jikin bango, cike da hannaye da ƙafafun jarirai farare fat, wasu a dunƙule, wasu a buɗe kamar suna neman a ɗauke su. A samansu an rataye siffar cikin mata masu juna biyu, wasu an shafa musu ruwan zinare. Sana'ar Keziya ke nan. Da garin filasta, irin wanda ake ɗaurin karaya da shi a asibiti, take ɗaukar siffar ciki kafin a haihu, da ta hannun jariri kafin ya girma, iyaye su ajiye don tunawa. A jami'a ta koyo, can Samaru, har mahaifinta Baba Cornelius yake mata tsiya cewa shekara huɗu ta yi tana karatun wasan laka. Masu wucewa sukan leƙo su ja da baya, wata tsohuwa ma ta taɓa cewa gumaka ne. Duk da haka matan malaman jami'a da ma'aikatan jinya ba su bar ta ta zauna haka nan ba.

Ɗaya ce kawai a can lungu aka lulluɓe da zane, ba ta sayarwa ba ce, ba ta nunawa ba ce. Cikin Keziya ne.

Bara suka yi ta, a ɗakinsu na Jushi, wata ranar Lahadi bayan an taso coci, cikin yana wata takwas da 'yan kwanaki. Ta shafe jikinta da basilin, ta tsaya ta dafa ƙugu, tana koya wa Othniel yadda ake tsoma bandejin filasta a ruwa a shimfiɗa. Malamin lissafi ne, hannunsa bai san komai ba sai alli, ya ɓata gabansa da bayansa, tana dariya har tana riƙe bango. Filasta tana da wani hali da ba kowa ya sani ba: idan za ta daskare sai ta yi ɗumi kamar jikin mutum, sannan ta huce. Daidai lokacin da ɗumin ya taso, abin da ke cikin ya kai shuri. Shurin ya bar ɗan gurbi a gefen hagu, bai fi girman goro ba.

"Kin ga ɗan ƙwallo ko?" in ji Othniel, ya durƙusa ya sumbaci wurin, farar ƙasa ta ɓata masa baki.

A haka Mama ta shigo ta same su. Mama Hephzibah, mahaifiyar Othniel, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu na Unguwar Gabas, macen da ba ta ɗaga murya don ba ta taɓa bukatar hakan ba. Ta dubi ɓawon cikin da aka jingine a bango, ta dubi surukarta.

"'Yata, ciki ɓoye shi ake yi, ba a tallan shi. Mu a zamanin mu ko uwar ka ba ka gaya wa, sai ta gani da idon ta. Abin da bai iso ba, ba a auna shi."

"Mama, ai don tunawa ne kawai."

"Allah ya sa a tuna da alheri."

Bayan sati uku, wata ranar Talata da safe, naƙuda ta zo da gardama, aka shiga da ita tiyata. Da ta farfaɗo da yamma cikinta wayam, gefen gadonta wayam. Yarinyar ta zo babu rai, kuma kafin la'asar maza sun kai ta sun dawo. Haka ake yi, kowa ya ce mata haka ake yi. Ba a raɗa suna, ba a ɗaukar hoto, ba a nuna wa uwa. Mata suka yi ta shigowa da kwanon kunu da magana ɗaya a baki: in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Tulun kuwa babu wanda ya tambaye shi yadda yake ji.

Rana ta uku ta jiyo muryar Mama a bakin ƙofa tana gargaɗin matan zumunta.

"Kada kowa ya yi mata maganan yarinyan nan. Ko da wasa."

Keziya ta ɗauki maganar nan ta haɗa da ta ranar Lahadi, ta yanke hukunci cewa Mama laifinta take gani, wai ita ta auna ciki ta jawo. Ta juya wajen mijinta ta tambaye shi kamannin 'yarsu, ya ce bai duba ba. Wata biyu ta yi tana tambaya, wata biyu yana ba ta amsa ɗaya. Ranar da ta gaji ta tattara kayanta ta koma gidan mahaifinta a Samaru. Ɓawon cikin kuwa shago ta kawo shi.

Tun daga nan yarinyar ba ta bar ta ba. Kullum da safe, kafin ta share shago, sai ta ɗaga zanen nan ta zura hannu cikin ɓawon, ta sa yatsa a gurbin shurin. Iyakar abin da ta mallaka na 'yarta ke nan. A mafarki akan miƙo mata jaririya a naɗe cikin tawul, in ta buɗe sai ta ga farar filasta sumul, babu ido, babu hanci, babu baki. Duk hannun ɗan wani da ta fitar daga gurbi sai ta ƙirga yatsun, zuciyarta tana tambaya ko na tata haka suke. Ta rame, ta yi baƙi, kuma tsoro take ji ƙwarai, don ta fara mantawa da yadda motsin yarinyar yake a cikinta.

Sallama ce ta katse shirun da ke tsakaninta da Othniel. Wata matashiya ce mai suna Naila, ta shigo da gudu daga cikin adaidaita sahu, ta lulluɓe goyonta da gyale. Jiya ta gama wankan jego, yau ta fito yawon arba'in, ta saci hanya ta biyo nan.

"Aunty, mijina yana waje karatu, bai ga yaron ba sai a waya. So nake in aika masa hannun ya taɓa."

"Zauna, ki ba shi nono ya yi barci. Mai barci ya fi ba da haɗin kai."

Hannun jariri ba a sa masa filasta kai tsaye, ɗumin ya fi ƙarfin fatarsa. Wata hoda ake fara amfani da ita, mai launin ruwan hoda, irin wadda likitocin haƙori suke ɗaukar siffar baki da ita. Keziya ta kwaɓa ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi cikin 'yar roba, ta kama tsintsiyar hannun yaron ta tsoma. Minti biyu kwaɓin ya kama, ya daskare kamar dafaffen ƙwai. Yaron ya motsa yatsu, hannun ya zame ya fito, ya bar gurbinsa. Ta dama filasta ruwa-ruwa ta zuba a gurbin, tana ƙwanƙwasa gefen robar don iska ta fita.

"Aunty, kada ki buɗe. Ki bari sai sati mai zuwa in zo a buɗe a gabana."

"Ba zai yiwu ba, ƙanwata. Yau zan ɓare shi, kafin magariba."

"Me ya sa?"

"Wannan kwaɓin ruwa ne ran shi. In ya kwana biyu sai ya fara bushewa, ya ƙanƙance, ya matse abin da ke ciki. Yatsun jariri kuma kin gan su, kamar tsinke. Ɗaya bayan ɗaya zai karya su. Gurbi ɗaya ne, hannu ɗaya ne, in ya karye babu na biyu."

Daga bencin bakin ƙofa aka ji lema ta faɗi ƙasa. Othniel ne a tsaye, fuskarsa ta canza kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

"Kezi... in ya daɗe fa?"

"Kamar yaya?"

"In ya yi... wata goma sha ɗaya."

"Wane mahaukaci ne zai bar gurbi wata goma sha ɗaya? Sai dai a tarar da gari."

Bai tsaya ɗaukar lemar ba. Ya faɗa cikin ruwan nan yana ɗaga wa ɗan acaɓa hannu. Naila ta bi shi da kallo ta ce, "Lafiya kuwa?" Keziya ta ce ita ma ba ta sani ba. Sai da ta rufe shago tana cikin motar Samaru lissafin ya faɗo mata, wata goma sha ɗaya, daidai tun ranar da ta haihu. Ta kira wayarsa sau huɗu, ba a ɗauka ba.

Washegari da safe ta iso shago ta tarar ana jiranta. Mama ce zaune a kan bencin, sanye da zanen zumunta, ta rungume wani ƙunshi a cinya. Othniel yana tsaye a bayanta, idanunsa jawur. Rabon Keziya da Mama tun ranar da ta bar Jushi. Fushi bai hana tarbiyya ba, ta durƙusa.

"Mama, ina kwana? Kun zo lafiya?"

"Lafiya ne ya kawo ni, ba lafiya ba. Buɗe mu shiga, 'yata, maganan ba na bakin titi ba ne."

Mama ba ta taɓa taka shagon ba. Ta ɗaga kai ta dubi hannayen nan birjik, ta yi saurin sauke ido. Ta ajiye ƙunshin a kan tebur, ta warware zanen da kanta. Gwangwanin madarar gari ne, murfinsa ya fara tsatsa.

"Jiya yaron nan ya shigo mini a jiƙe, ya durƙusa yana kuka kamar ranan da uban shi ya rasu. Ya ce mun kashe ta sau biyu."

Keziya ta dafa tebur.

"Mene ne a ciki?"

"Hannun 'yar ki."

Ta zame ta zauna a ƙasa. Mama ta ci gaba, muryarta a kwance kamar kullum.

"Ranan, kina can ba ki san inda kan ki yake ba, aka kawo ta ɗakina in yi mata wanka. Sai ga shi ya shigo da kayan shagon ki, ya ɗauki makulli a jakan ki ya hau acaɓa ya je ya kwaso. Na ce ba a yi. Ya ce, Mama, Keziya za ta tambaya. Na ce ba a yi. Ya ce to sai dai a binne shi tare da ita. Ni na riƙe masa ita, ya yi abin da ya ga kina yi."

"Kuka ɓoye mini..."

"Ni na ɓoye. Na karɓe gwangwanin na sa a ƙasan akwati, na ce sai kin sake haihuwa, kin rungume wani, sannan a nuna miki. Na sa shi ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya yi alkawari ba zai faɗa miki kamannin ta ba. Mu ba mu san abin yana lalacewa ba. Mun ɗauka kamar siminti ne, in ya daɗe ƙara ƙarfi yake yi."

"Don me, Mama? Don na auna ciki? Horo ne kuka yi mini?"

"Horo?" Mama ta girgiza kai. "Othniel ba shi ne ɗan fari na ba. Akwai wani kafin shi, a ƙauye, shekara talatin da shida ke nan. Shi ma haka ya zo. Tsofaffi suka ce kada in gani, na yi taurin kai na buɗe zanen. 'Yata, har yau in an ce a rufe ido a yi addu'a a coci, fuskan yaron nan nake gani. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uban su. Da na ga naki ya zo haka, na ce wannan kayan ba zan bari a ɗora miki ba."

Keziya ta daɗe tana kallon tsohuwar. Wata goma sha ɗaya tana gina fushi a kan wannan mata, ga shi an zare masa tushe lokaci ɗaya, kuma abin haushi zafin bai ragu ba.

"Mama, ku kun gani, fuska ɗaya ke bin ku. Ni ban gani ba, duk jaririn da aka shigo da shi nan ita ce. Wanne ya fi sauƙi?"

"Ban sani ba, 'yata. Da na ɗauka na sani."

Keziya ta miƙe, ta share fuska da bakin ɗankwali, ta ɗauki gwangwanin. Wani abu ya motsa a ciki, ƙwas, kamar dutse a cikin kwano. Ta san ma'anar wannan ƙara: kwaɓin ya bushe har ya saki jikin gwangwani.

"Malam, rufe ƙofa. Duk wanda ya zo a ce ba na nan."

Ta buɗe murfin ta kifa a hankali kan tawul. Abin da ya fito ba ya kama da komai. Curi ne ya ƙanƙance, ruwan hodar ya koma launin ƙasa, ya tsattsage, ya yi tauri kamar busasshen tuwo. Da na wani ne da ta ba shi haƙuri ta ce a zubar. Ta jawo kujera kusa da taga, ta jera auduga, da kofin ruwa, da reza, da tsinken sakace.

Aiki ne na mai haƙuri, ita kuwa haƙurinta ya ƙare tun bara, amma hannunta ya san aikinsa ko da zuciya ba ta nan. Ta jiƙa auduga ta ɗan dafa wuri kaɗan, ba da yawa ba don kada ruwa ya ci filastar, ta jira ya yi laushi, ta ɓanɓare da tsinke. Ƙwaya-ƙwaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Hantsi ya wuce. Aka kira sallar azahar a masallacin bayan kasuwa. Mama tana gefe tana motsa baki, Othniel ya jingina da ƙofa.

Can wani farin abu ya ɓalle ya gangaro kan tawul.

Mama ta ce, "Yesu."

Keziya ta rufe ido. Ga abin da take tsoro ya faru. Ta daure ta ɗauki guntun, ta juya shi a tafin hannu, sai ta tsaya. Yatsa ne, ya karye daga gindi, amma ƙato ne, da faffaɗan farce.

"Wannan ba na jariri ba ne."

"Nawa ne," in ji Othniel. "Na ga in kin tsoma hannun yara su ke dunƙulewa da kan su. Ita... ta ƙi. Ina tsomawa yana tasowa. Sai na naɗa yatsun ta a kan manunina, na danne da babban yatsa, na tsoma mu tare. Na san ba haka ake yi ba, Kezi. Ban ma ƙwanƙwasa don iska ta fita ba, na manta. Na ɓata miki ko?"

Ta koma kan tsinkenta, yanzu hawaye yake hana ta gani, tana sharewa da kafaɗa. Manuninsa ne ya fara bayyana, da tabon wuƙar nan da ya samu tun yana yaro. Daga nan sai ɗan farce, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Sai na biyu. Sai na uku.

Kuskuren malamin lissafi shi ya cece su. Da hannun a buɗe yake shi kaɗai, da gari ta tarar kamar yadda ta faɗa. Amma yatsun sun naɗe a jikin nasa sun zama abu ɗaya, matsin ya rasa inda zai kama, sai ya huce a kan babban yatsan da ke waje. Nasa ya karye, nata suna nan.

Ta hure ƙurar ƙarshe. Ɗan hannu ne fari, da layukan gaɓoɓi, da ƙananan ramuka biyu a bayansa inda iska ta maƙale, ya riƙe yatsan babansa. Ta ƙirga a fili, muryarta tana karyewa.

"Ɗaya... biyu... uku... huɗu..."

Ta tsaya a kan ƙaramin. Ya lanƙwashe ciki daga gaɓar ƙarshe. Ta ɗauka matsi ne ya tanƙwara shi, ta duba da kyau, babu tsaga ko ɗaya. A hankali ta ɗora nata hannun a kan tawul kusa da shi. Ƙaramin yatsanta, wanda tun tana firamare ake mata tsiya da shi ana ce masa ƙugiya, haka ya lanƙwashe, daga gaɓar nan, zuwa ɓangaren nan.

Kukan da ta yi ba irin na asibiti ba ne. Wancan na wanda aka yi wa sata ne. Wannan kuwa kukan uwa ne da ta ga ɗiyarta. Mama ta taso ta rungume kanta a ƙirji, su biyu suka yi ta yi, kowacce da nata.

Da ta samu numfashi ta ɗago ta dubi mijinta.

"Da wa ta yi kama?"

Ya dubi mahaifiyarsa. Mama ta gyaɗa kai.

"Faɗa mata. Na sauke maka alkawarin, Allah ya gafarta mini."

Ya zo ya durƙusa a gabanta, ya kama gwiwoyinta.

"Goshin ki ne, masoyiyata. Gashi cike da kai, baƙi ƙirin, a nannaɗe. Kunnuwan Baba Cornelius, har da ɗan tsinin nan. Hanci ne kawai nawa, ki yi haƙuri da shi." Ya yi dariyar da ta koma kuka. "Na duba, Kezi. Na duba har sai da aka ɓanɓare ta daga hannuna. Duk Laraban da na ce miki ban duba ba, sai in je bayan kasuwa in tsaya in yi kuka kafin in hau mota."

"Wawa," ta ce, tana shafa kansa. "Wawana. Da ka bari na rabu da kai a kan alkawari?"

"Na rasa wadda zan saɓa wa a cikin ku."

Ta ɗauko babban yatsan da ya karye, ta dama 'yar filasta a murfin kwalba, ta mayar da shi mazauninsa. Layin karayar ya fito, ba ta goge shi ba. Ta kafa hannun a kan ɗan katako irin wanda take wa kowa, ta ɗauki alƙalami, sai ta tsaya. A nan take rubuta sunan yaro da ranar haihuwa.

"Ba a raɗa mata suna ba," ta ce.

Mama ta gyara ɗaurin zane, tana kallon ƙasa kamar yarinyar da aka kama.

"Ranan Talata ta zo. Da ina mata wanka na rasa abin da zan ce mata, ba ya yiwuwa ka wanke mutum ba ka kira shi ba. Talatu na yi ta ce mata."

Keziya ta rubuta. Sannan ta je lungu ta yaye zanen da ke kan ɓawon cikinta, karo na farko a gaban mutane, ta sauke shi daga bango ta miƙa wa Mama. Tsohuwar ta karɓa hannu biyu. Yatsanta ya faɗa cikin gurbin shurin, ta bar shi a nan.

Hannun kuwa ta naɗe shi cikin sabon tawul, irin na goyo, ta rungume a ƙirji.

"Malam, ka kira Baba ka ce dattawa su huta ranan Asabar."

"Kezi..."

"Kuma gobe za ka kai ni inda take kwance."

"Zan kai ki."

Ya buɗe ƙofa. Ruwa ya ɗauke, titin PZ ya cika da laka da hayaniya. Ya ɗaga hannu zai tsayar da ɗan acaɓa, ta riƙe masa riga.

"Ba acaɓa ba, adaidaita. Ka ce masa Jushi za mu, kuma ya bi a hankali. Da jaririya muke."